Hajiya, Malama ko Anti: da wanne baƙo zai kira mace a Kano?

Maman Walida:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana yawo tsakanin mata a gidajen biki da layin awo, ina so mu baje ta a nan mu ji ta bakin maza ma. Mace za ta fito daga gida, kafin ta dawo mutum shida da ba su san ta ba sun kira ta da suna shida. Mai Adaidaita ya ce Hajiya, yaron shago ya ce Anti, mai gadin banki ya ce Madam, almajiri ya ce Iya, wani dattijo ya ce 'yan mata, wani kuma ya ce ke. In aka cire na ƙarshen, duk girmamawa suke nufi, amma ba duka ke sauka a zuciya a matsayin girmamawa ba. Kowane ɗaya yana ɗauke da kintace: wani ya kintaci shekarunki, wani aurenki, wani haihuwarki, wani kuma abin da ke cikin jakarki. In kintacen ya faɗa daidai, lafiya lau. In ya kuskure, an ɓata wa mutum rai da sunan ladabi. To wanne ne ya fi tsira?

Ɗan Kwari:
Wa alaikumus salam, Maman Walida. Bari in kare Hajiya tun kafin a yi mata taron dangi. A layukan Kantin Kwari mace tana wuce ƙofar shago cikin taku huɗu ko biyar, a cikin takun nan ne yaron shago zai yi magana ko ta faɗa shago na gaba. Ba shi da lokacin auna shekaru. Hajiya ba ta ce ke tsohuwa ce ba, ba ta ce ke yarinya ce ba, ba ta ce kina da miji ko ba ki da shi ba. Shi ya sa ta cinye kasuwa.

Ga abin da ake koya wa sabon yaro. Duk macen da ta shigo Hajiya ce har sai ta nuna wani abu daban. Kada ya ce Baba sai ya ga tsufa ƙarara, irin wanda ake miƙa wa kujera ba a tambaya ba, ko kuma ita da bakinta ta fara ce masa ɗana ko jikana. In mata biyu suka shigo tare, kada ya kuskura ya haɗa musu dangantaka. "Hajiya, 'yarki ce?" ta sha korar ciniki, domin sau da yawa ya da ƙanwa ne, wani lokacin ma uwargida ce da amaryarta maigida ya turo su sayen kayan salla. Ka ce wa uwargida amaryar mijinta 'yarta ce, ka gama da ita, ko turmi ɗaya ba za ta ɗauka ba. Haka in an zo haɗa lefe, ba a tambayar wace ce amaryar. Galibi ma ba ta cikinsu, dangin ango ne, kuma mai riƙe da kuɗin sau tari ita ce wadda ta fi kowa yin shiru. Yaron da ya zuba wa mai yawan magana duk girmamawarsa ya manta da mai jakar, shi ke yin asara.

'Yar Fagge:
Yaya Ɗan Kwari, rabin maganar ka faɗa. Hajiya ba ta faɗi shekaru ba, amma ta faɗi kuɗi. Mata sun san matakanta sarai: akwai Hajiya, akwai Hajiyata, akwai Hajjaju, akwai Hajiya babba. Duk hawa ɗaya da sunan ya yi, farashin farko da za a yanka miki ma ya hau. Da zarar an ce "ai ke babbar Hajiya ce, wannan ba kuɗi ba ne a wurinki", an ɗaure miki baki ke nan, taya ƙasa ya zama abin kunya a gaban mutane. Macen da albashinta ba ya kai ta ƙarshen wata, ta yi adashi wata 6 don ta fitar wa yara kayan salla, ba daɗi take ji ba in ana kiranta da sunan da ke nufin ta biya fiye da kowa.

Sannan Anti. In yaro ɗan shekara 10 ya ce wa budurwa Anti, daidai ne, tarbiyya ce. Amma mutum da gemunsa, da ganinsa ya girme ki nesa, ya ce miki Anti, ɗayan biyu ne: ko ya tsofar da ke, ko yana neman ƙofar hira. Duka biyun ba a so.

Malama Indo:
Kafin a yi nisa, yana da kyau a san nauyin da kowace kalma ta taso da shi, domin a nan ɓacin ran yake ɓuya.

Hajiya asalinta shaida ce: macen da ta sauke farali. A zamanin da ake tafiya ta ƙasa, a bi ta Borno, a ratsa Chadi da Sudan, a tsallake Bahar Maliya, tafiyar kan ci shekaru, wasu ma ba su dawo ba, zuriyarsu na Sudan har yau. Macen da ta je ta dawo a wancan lokacin, unguwa guda ta san ta. Jirgin sama ya sauƙaƙa tafiyar, arzikin man fetur na shekarun 1970 ya yawaita mahajjata, haƙorin Makka ya zama ado, daga nan sunan ya fara zamewa daga ibada zuwa wadata. Kujerar Hajji ta haura naira miliyan 8 a 2025, saboda haka ba abin mamaki ba ne in kunnen mace ya jiyo kuɗi a cikin kalmar. Ƙanwata 'Yar Fagge ba ta yi kuskure ba.

Baba ta mace da Baba na namiji rubutunsu ɗaya, karin sautinsu ne daban: na namiji murya tana farawa ƙasa ta hau, ta mace tana farawa sama ta sauko. Ita ta macen 'yar'uwar uba ce ko wadda take matsayin uwa, kamar Gwaggo da muka aro daga Fulatanci, Inna kuma ta ɓangaren uwa. Duk sunayen dangi ne. In baƙo ya kira ki da ɗaya daga ciki, cewa yake kin haife shi ko kin yi sa'ar wadda ta haife shi. Lissafin ba shi da wuya: in tazarar da ke tsakani ba ta kai wajen shekara 20 ba, sunan bai zauna ba. Saurayi ɗan 25 ya ce wa 'yar 35 Baba, ya ɗora mata shekara 10 da ba ta yi ba.

Anti baƙuwa ce daga Turanci, amma ta sami gida biyu a Kano. A makarantun firamare masu zaman kansu ita ce malamar aji. A cikin gidaje kuwa, sau da yawa ita ce sunan da 'ya'yan uwargida ke kiran amaryar babansu da shi. Wannan na biyun ne ya sa wasu matan, musamman iyayen gida, kunnensu ba ya son ta.

Ni a ganina Malama ce ta fi kowacce tsira. Daga Larabci take, ma'anarta mai koyarwa, kuma kamar yadda Malam ya zama sunan duk namiji baligi, ita ma haka ta zama ga mata. Ba ta taɓa shekaru, ba ta taɓa aure, ba ta leƙa jaka. Sani kawai take jingina wa mace, kuma babu wadda wannan zai ɓata wa rai.

Ɗan Kwari:
Malama Indo, Allah ya ƙara sani, amma a nan ban bi ki ba. Ki saurari inda ake ɗauko Malama a titi. "Malama, dakata." "Malama, matsa mana." "Malama, kar ki faɗa min magana." Ita ce kalmar da ake jawowa in za a ja layi a tsakani. Mutum yana ta Hajiya Hajiya, da zarar ciniki ya ɓaci sai ya koma Malama, kuma macen ta san an sauke ta daga kujera. A ofis ko a makaranta ta zauna daram. A bakin shago kuwa kamar ba ka son a shigo.

Malama Indo:
Wannan gaskiya ne, na karɓa. Amma duba misalanka uku, babu gaisuwa a gaban ko ɗaya, umarni ne tsirara a bayan kowanne. "Sannu Malama, me za a duba?" ba ta taɓa korar kowa ba. Abin da ke gaba da bayan kalmar shi ke juya ta.

Gwaggo Dije:
'Ya'yana, ina ta karanta ku. Abu ɗaya ya ba ni mamaki, wai a ce wa mace Baba ta ji haushi. A tarbiyyar cikin Birni girma abin nema ne. Mace tana jiran ranar da yaran unguwa za su fara rusuna mata su ce Baba ko Inna, domin daga ranar maganarta ta shiga cikin shawara, ita ake kira rabon goron suna, ita ake sa wa a gaba wajen kai amarya. Wadda ta ƙi sunan ta ƙi kujerar ke nan. Amma na yarda da lissafin Indo. Girman da mutum bai kai ba in aka ɗora masa, kaya ne.

Abin da yaran yanzu suka yar, wanda ya fi duk sunayen nan da kuke jerowa, shi ne iya magana ba tare da an soki mutum da kalmar "ke" ba. Ke a farkon magana ta yarinya ce, ko ta wadda ka raina da hannunka. Hausa ta ba mu hanya biyu ta kauce mata. Ta farko jam'i: sannunku, ina kwananku, kun zo lafiya, ko da mace ɗaya ce a gabanka. Ta biyu a ɓoye mai aikin gaba ɗaya: a shigo daga ciki, me za a kawo, an zo lafiya, a sauka lafiya, a gaida gida. Mutum zai iya yin ciniki tun daga sallama har zuwa ba da canji bai ce ke ko ki ba, kuma bai kintaci komai ba. Mace tana fita ta san an mutunta ta, ko da ba za ta iya nuna kalmar da ta yi aikin ba.

Wadda ba ka sani ba sam, baiwar Allah ce. Babu macen da za ta ce ba ita ba ce. Sai dai a sassauta murya, domin in aka ja ta da ƙarfi aka sa mata ke a gaba, ta koma faɗa.

A ƙofar gida kuma, namiji baƙo ba ya kiran matar gida da kowane suna daga zaure. Yaro yake samu ya ce shiga ka ce ana sallama da maigidan, in ba ya nan a ce ana gaida mutanen gida. Masu kawo takardar kuɗin wuta da masu kawo saƙo su riƙe wannan. Tsayawa a ƙofa ana ƙwala Hajiya! Hajiya! har maƙwabta su leƙo, ba ladabi ba ne ko da kalmar ta ladabi ce.

Kalmomin fada kuma a bar su a fada. A Gidan Rumfa, fadar Sarkin Kano, Mai Babban Ɗaki mahaifiyar Sarki ce, Fulani ake ce wa matan Sarki, gimbiya 'yar sarauta ce. Saurayin da ya tare yarinya a hanya da gimbiya ko sarauniya, kowa ya san ba fada yake nufi ba. Magajiya kuwa, duk da sarauta ce mai daraja tun daga Daura, a bakin titi ta daɗe da ɗaukar wata ma'ana, shugabar mata masu zaman kansu. Kada wani ya ji ta da daɗi a tarihi ya je ya gwada ta a kan matar mutane.

Malam Na Ƙofar Mata:
Allah ya ƙara girma, Gwaggo. Tambayar da ake yawan yi ita ce ko kiran wadda ba ta je Makka ba Hajiya ƙarya ne. Akwai masu tsantseni da ke guje masa, kuma akwai matan da da kansu za su ce "ban je ba tukuna, Allah ya kira mu". Irin wannan sai a ce amin, a koma Malama. Amma mai faɗa da mai ji duk sun san ba shaida ake bayarwa ba, al'ada ce ta mayar da ita gaisuwa, wasu ma a matsayin fata suke ɗaukarta. Abin da nassi ya hana ƙarara shi ne jifan juna da laƙabin da mutum yake ƙi, yana cikin Suratul Hujurati aya ta 11, ayar da ta ambaci mata a keɓe wajen hana izgili. Saboda haka niyyarka kaɗai ba ta wanke ka, sai ka duba abin da ita take ƙi. In ta nuna ba ta son Baba, maimaitawa bayan ka sani ya fita daga ladabi.

Sai maganar Maman wane, wadda ba a taɓo ba. Alkunya tana da asali a addini, kuma ba a sharɗanta mata haihuwa ba. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ba ta haihu ba, amma ana yi mata alkunya da Ummu Abdillahi, da sunan ɗan yayarta Asma'u, wato Abdullahi ɗan Zubairu. Inda muke yin ɓarna shi ne tambayar. Baƙo ya ce "Maman wa za a ce?" yana ganin ya yi wayewa, alhali mai yiwuwa ya taka wadda ta shekara 12 tana jiran rabo, ko wadda ta binne ɗan da ake kiranta da sunansa. In ita ta ba ka alkunyarta ka riƙe. In ba ta bayar ba, kada ka tono.

Sista Jummai:
Malam ya taɓo inda ya fi ciwo, kuma a asibiti abin ya fi fitowa fili. A layin awo mata sun fi ƙin a kira su da abin da ido ya gani: ke mai ciki, ke mai jan mayafi, mai gado na 6. Mace ta bar gidanta da mutuncinta ta zo ta zama launin mayafi.

Akwai kuma matsala ta aiki da mutanen waje ba su sani ba. Sunan da ke kan kati sau da yawa ba shi ne sunan da mace ke amsawa ba. Miji ne ya yanki katin ya rubuta sunan yanka, Hauwa'u ko Khadija, ita kuwa tun tana goye Kulu ko Dije ake ce mata. Wata ma an mayar mata sunan kakarta, iyaye ba sa iya faɗa saboda kunya, ta tashi a Ummi ko Mama ko Hajiya tun tana shekara 3. Sai a ƙwala sunan kati sau uku ba ta motsa ba, a tsallake ta, ta wuni a benci. Ko kuma a ce Fatima, mata huɗu su miƙe, a ba wa wata maganin wata. Yadda ya kamata a yi shi ne a kira suna cikakke kamar yadda yake a kati, da na uba ko na miji, a sa Malama a gaba. In ta zo a nemi ta faɗi sunanta da bakinta, kada a karanta mata ta ce e, domin mace mai kunya ko mai jin ciwo e za ta ce ga komai. Daga nan a tambaye ta da me ake kiranta a gida, a rubuta a gefen katin. Bai fi daƙiƙa 20 ba.

A ɗakin haihuwa kuma a duba fayil kafin a buɗe baki. Maijego kalma ce mai daɗi, barka ce a cikinta, amma a ɗaki ɗaya akwai wadda ta haihu lafiya, akwai wadda ta yi ɓari, akwai wadda ɗan bai zo da rai ba. Masu shara, masu kawo abinci da 'yan dubiyar gadon kusa duk suna faɗawa wannan ramin da kyakkyawar niyya. In ba a ga jariri a gefe ba, "sannu, ya jiki?" ta wadatar.

Sai ɗaya gefen. Namiji da farar riga Likita ne ko da ɗalibi ne. Mace da ta shekara 15 tana fiɗa, majinyaci zai ce mata Nas ko Sista ko Hajiya, ya kuma tambaye ta yaushe likita zai zo. Aikin jinya ba abin raini ba ne, amma kowa a kira shi da abin da ya karanta.

'Yar Fagge:
Anti Jummai, wannan na ƙarshen ya wuce asibiti. A wurin taro za ka ji mai gabatarwa ya jero maza da Farfesa da Injiniya da Barista, in ya zo kan mace mai irin takardarsu sai ya ce Hajiya wance. A nan Hajiya rage girma ta yi. Farfesa Ruƙayyatu Ahmed Rufa'i ta koyar a Jami'ar Bayero, ta riƙe ministar ilimi daga 2010 zuwa 2013. Mai Shari'a Dije Aboki ta zama Babbar Jojin Jihar Kano a 2023. Yarinyar da ke tasowa tana bukatar ta ji ana kiran irin waɗannan da muƙaminsu. In an san muƙamin mace a wurin aikinta, shi ne gaba, ranki ya daɗe ta biyo baya. Hajiya ta jira gidan biki.

Wani sabon abu kuma da waya ta kawo. Mace ta tura kuɗi a wurin mai POS ko ta ba mai kawo saƙo lambarta, sunanta cikakke ya fito masa. Sai ka ji ya ɗaga kai ya kira ta da sunan yanka kamar tare suka tashi, ko da dare saƙo ya shigo da gimbiya ko kyakkyawa. Sunan an ba na'ura ne, ba shi aka ba ba. In tabbatarwa zai yi, ya juya mata fuskar na'urar ya ce "a duba ko daidai ne", ba sai ya karanta wa duk mutanen layi ba.

Mai Sahu:
Iyayena da yayyena, ku ɗan duba namu uzurin. Keken nan tun asalinsa don mata aka kawo shi, zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, daga shirin A Daidaita Sahu ya samo sunansa, kuma tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a farkon 2013 kusan duk zirga-zirgar mata a kansa take. Direba daga nesa yake hango fasinja, sau da yawa ta baya, cikin hijabi har ƙasa, wata da niƙabi. Tsawo da jiki kawai yake gani, su kuwa suna yaudara: yarinya 'yar sakandare mai jiki sai a ɗauke ta matar aure, uwar 'ya'ya biyar siririya sai a ce mata 'yan mata. Direban da ya san aiki ba ya kintata daga nesa. Ya rage gudu, ya ce "ina za a je?", ya ji muryarta tukuna. Murya ta fi jiki faɗin shekaru. In za a ƙara fasinja, "a ɗan gyara" ta isa. Abin da mata suka fi kuka da shi a wurinmu ma ba suna ba ne, matsa hon a bayan mutum ne da kiran sss kamar ana kiran kyanwa, da kallon madubi.

'Yan mata kuma a bar wa dattawa. In tsoho mai furfura ya faɗa, 'yarsa ya ɗauke ta. In matashi ya faɗa, an san inda ya dosa.

Anti Ladi:
Ku tuna ba duk mai jin Hausa a Kano ce Musulma ba. A Sabon Gari da Badawa da wasu unguwannin akwai matan da Hausa ce harshen da suka buɗe baki da shi, Kiristoci ne. In aka ce musu Hajiya, mafi yawa ba sa ɗauka da zafi, sun san gaisuwa ce. Abin da ke sosa rai shi ne rabon da ake yi da ido: mai hijabi Hajiya, mara hijabi Madam, a shago ɗaya, a gaban juna, har da canza harshe zuwa Turancin buroka ga wadda ta yi maka sallama da Hausa tsantsa. Madam a banki ko a ofis ba ta da laifi. A bakin wasu kuwa tana nufin ke ba tamu ba ce. Mama ga babba, Malama ko Anti ga matsakaiciya, duk suna tafiya a kowane ɓangare, kuma a amsa wa mutum da harshen da ya fara magana da shi.

Maman Walida:
Na gode Anti Ladi, wannan bai zo min a rai ba. Ina so a ƙara amarya da uwargida a lissafin. Mai kayan miya a 'Yan Kaba ya ga lalle a hannu sai ya ce amarya, yana nufin yabo. Amma lalle na biki ne, na salla ne, na suna ne. Mai lallen tana iya zama bazawarar da aurenta bai daɗe da mutuwa ba, ko wadda ta fita takaba bayan wata 4 da kwana 10 ta yi kwalliyarta ta farko. Uwargida kuma, duk da kirarinta na ran gida, wata in ta ji sai gabanta ya faɗi, domin uwargida sai da amarya. To Gwaggo, in an kira mace da wanda ba ta so, yaya za ta gyara ba tare da an ce ta cika faɗin rai ba?

Gwaggo Dije:
Ta amsa gaisuwar tukuna, 'yata, wannan haƙƙi ne. Sannan ta ba shi madadin, kada ta tsaya a kan ƙi. "Ce min Malama, ɗan'uwa." Ko ta sa shi a gurbinsa da nata kiran: in ya ce Baba alhali bai kai ta haife shi ba, ta ce "sannu ƙanena", mai hankali ya gane ya koma Yaya ko Anti. Sau ɗaya ake faɗa, da murya ƙasa, ba a gaban yaransa ko abokan cinikinsa ba in da hali.

Ɗan Kwari:
Shi kuma namijin, abin da ke lalata gyaran shi ne kare kai. "Ai girmama ki na yi", "to da me zan ce miki?", ko ya yi dariya ya juya wa na kusa da shi. Nan take ƙaramar magana ta zama rigima, ta fita ba ta saya ba, ta kuma gaya wa ƙawayenta lambar shagon. "Yi haƙuri, Malama" sai a ci gaba da buɗe atamfa. Amma a bakin ƙofa dai, kafin a san ko wace ce, ni har yanzu Hajiya zan ce a koya wa yaro. Hajjaju da Hajiya babba ne na yarda a ajiye.

Malama Indo:
To a haɗa masa da sannu a gaba, kuma ya bari sai ta juyo kafin ya fara jero kaya.